Amsoshin Tambayoyinku: Ƙwarin da Ke Ɓata Furannin Lambu

Wasiƙun da suka taru a wannan karo kusan dukkansu a kan ƙwarin da ke addabar furanni suke, kuma kusan kowace da tambaya iri ɗaya take ƙarewa, wato wane magani za a fesa. Na zaɓi wasiƙun waɗanda suka bayyana abin da suka gani da idonsu, domin su ne ake iya amsawa. Wanda ya rubuto cewa furensa ba shi da lafiya kawai, ya yi haƙuri ya koma ya duba ƙarƙashin ganyen, sannan ya sake rubutowa. Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe tun daga farko shi ne cewa ƙwarin shuka kashi biyu ne bisa ga irin bakinsu. Akwai masu tauna, waɗanda ke barin huji ko gutsuren ganye, akwai kuma masu tsotsa, waɗanda ba sa barin hujin da ido zai gani, sai dai ganyen ya naɗe, ko ya yi ɗige-ɗige, ko ya yi danƙo. Maganin da ke kashe wannan kashi sau da yawa ba ya taɓa wancan.

Tambaya: Malam, ina da furen wardi guda uku a tukwane. Makonni biyu ke nan sababbin ganyensu suna naɗewa, idan na taɓa sai in ji danƙo kamar an zuba musu ruwan sukari, yanzu kuma wani baƙin abu mai kama da kunkunniya ya fara rufe ganyen ƙasa. Tururuwa ba ta daina hawa da sauka a jikinsu. Ita ce ke cinye mini furen?

Amsa: Malama, tururuwa ba ta cin ganyen wardi, amma kuma ba zan wanke ta daga laifi ba. Ki juya sabon ganye ki duba bayansa, ki kuma duba wuyan ƙullin fure, wato furen da bai kai ga buɗewa ba. Za ki tarar da wasu ƙananan ƙwari masu laushin jiki sun yi cincirindo, tsawonsu bai wuce milimita 2 zuwa 3 ba, wasu kore, wasu baƙi, wasu kuma ja-ja. Su ne ƙwarin darɓa, waɗanda wasu ke kira kwarkwatar ganye. Bakinsu kamar allura yake, suna soka shi cikin jijiyar da ke ɗauke da ruwan abincin shuka su yi ta tsotsa. Ruwan nan sukari ya yi masa yawa, abin gina jiki kuwa kaɗan ne a cikinsa, saboda haka sai sun sha da yawa kafin su sami abin da suke nema, ragowar kuma su fitar da shi ta baya. Wannan ragowar ita ce danƙon da kike ji. Baƙin abin kuwa fumfuna ce da ke tsirowa a kan danƙon. Ba ta shiga cikin ganye, ana ma iya goge ta da jiƙaƙƙen tsumma, amma idan ta yi kauri tana tare wa ganyen hasken rana.

Ita kuma tururuwa kiwon waɗannan ƙwari take yi, kamar yadda makiyayi ke kiwon shanu domin nono. Tana lasar danƙon, tana korar duk ƙwaron da ya zo cin su, wani lokaci har takan ɗauke su ta kai su sabon reshe. Abokin ɓarawo ai ɓarawo ne.

Abin da ke sa su cika shuka cikin ƙanƙanen lokaci shi ne, a lokacin ɗumi macen ba ta buƙatar namiji, kuma ba ƙwai take yi ba, 'ya'ya take haifa da ransu, mata zalla, su ma cikin kwana 7 zuwa 10 sun isa haihuwa. Idan wuri ya yi musu kaɗan sai su fara haifar masu fukafukai su tashi zuwa wata shukar. Duk da haka suna daga cikin ƙwarin da suka fi sauƙin magani, domin jikinsu ba shi da sulke. Ki fara da ruwa kawai. Da safe ki sa yatsa a bakin tiyo domin ruwan ya fita da ƙarfi, ki wanke bayan ganyen da kan rassan, ki maimaita bayan kowane kwana biyu ko uku har mako biyu. Yawancin waɗanda suka faɗo ba sa iya komawa. Ganyen da ya riga ya naɗe ya ɓoye su ki tsinke shi ki zubar nesa. Idan ruwa bai wadatar ba sai ki koma ga ruwan sabulu, wanda bayaninsa ke tafe a amsar wata tambayar. Tururuwar kuma ki tare mata hanya, ko dai ki ɗora tukunyar a kan bulo a tsakiyar faranti mai ruwa, ko ki naɗa leda a gindin shukar ki shafa mata wani abu mai danƙo, ki kuma tabbatar babu reshen da ke taɓa bango. Sai tambaya ɗaya da ni ma zan yi miki: kin zuba takin zamani kwanan nan? Takin da ya cika sinadarin naitirojin yana sa shuka ta fito da toho mai laushi mai ruwa-ruwa, kuma irin wannan toho shi ne abin marmarin ƙwarin darɓa. Idan haka ne, ki rage.

Tambaya: Ganyen furannina sun fara yin ƙananan ɗige-ɗige masu launin rawaya, kamar an yayyafa musu yashi. Na sayi maganin ƙwari mai ƙarfi na fesa sau uku, amma maimakon a samu sauƙi sai abin ya ƙaru, ganyen suka koma ruwan ƙasa suna zuba, har da wata siririyar yana a tsakaninsu. Ko jabun magani aka sayar mini?

Amsa: Malam, mai yiwuwa maganin na gaskiya ne, kuma ingancin nasa ne ma ya jawo maka wannan ɓarnar. Abin da ka kwatanta alamar ƙananan gizo-gizon ganye ne, waɗanda ake kira jan gizo-gizo ko da yake ba dukkansu ne jajaye ba. Girmansu bai kai rabin milimita ba, shi ya sa ba ka gan su ba. Ka samu farar takarda ka riƙe ta a ƙarƙashin reshe, ka ɗan buga reshen da yatsa, sannan ka zuba wa takardar ido. Idan ka ga wasu ɗigo kamar ƙura suna tafiya a hankali, to su ne. Ƙafafun babba guda takwas ne, ba shida ba, wato dangin gizo-gizo da kaska ne, kuma wannan bambanci ba na masana kaɗai ba ne, domin yawancin magungunan da aka yi don ƙwari masu ƙafa shida ba sa kashe su yadda ya kamata. Abin da magungunan ƙwari irin su saifametirin ke kashewa sosai shi ne maƙiyansu, wato wasu ƙananan ƙwari da wasu gizo-gizon masu farauta da ke cinye su da ƙwansu a kullum. Da ka fesa sau uku, ka share musu fili ke nan. A lokacin zafi kuwa cikin mako guda ƙwai ya zama babba, kuma mace ɗaya tana iya yin ƙwai fiye da 100 a rayuwarta.

Wannan kuskure ba a kanka aka fara ba. A shekarun 1880 wani ƙwaro mai farin ɓawo kamar auduga ya kusa durƙusar da gonakin lemo a jihar Kalifoniya ta Amurka. A 1888 aka kawo wani ƙaramin ƙwaro mai cin sa daga Ostireliya aka saki, kuma cikin shekara biyu annobar ta lafa. Haka aka zauna lafiya fiye da shekara hamsin, har aka fara fesa maganin ƙwari mai suna DDT a shekarun 1940, maganin ya kashe mafaraucin, mai farin ɓawon ya sake ɓarkewa a gonakin da aka fesa.

Yanzu abin yi shi ne ka ajiye wancan maganin. Gizo-gizon ganye yana son zafi da bushewa da ƙura, yana ƙin laima, saboda haka ka riƙa wanke bayan ganyen da ruwa mai ƙarfi kowace safiya ko bayan kwana biyu, ka kuma tabbatar shukar ba ta zama da ƙishi. Ganyen da ya riga ya koma ruwan ƙasa ba zai sake yin kore ba, ka cire shi. Sannan ka fesa ruwan sabulu ko man dogon yaro sau uku, tsakanin kowane feshi kwana biyar, domin feshin farko ba ya kashe ƙwai, kuma wanda ya tsaya a nan ya kashe maciji bai sare kansa ba. Idan shukar mai daraja ce kuma duk wannan bai yi ba, ka nemi maganin da aka rubuta a jikinsa cewa na gizo-gizon ganye ne, kamar mai ɗauke da abamektin, ka bi ƙa'idar da ke jikin kwalbar, kuma kada ka yi ta maimaita iri ɗaya, domin wannan halitta tana da saurin sabawa da magani.

Tambaya: Kullum da safe sai in tarar an huda mini ganye, amma ban taɓa ganin abin da ke ci ba. Wasu ganyen an yanke gefensu a zagaye, tsaf kamar da almakashi.

Amsa: Malama, tambayarki biyu ce a haɗe, kuma ta biyun albishir ce. Yankan nan mai santsi, zagaye ko rabin zagaye a gefen ganye, musamman na wardi da bugambiliya, aikin wani irin ƙudan zuma ne da ke zama shi kaɗai. Ba cin ganyen yake yi ba, ɗauka yake ya shimfiɗa a cikin raminsa domin 'ya'yansa. Shukar ba ta cutuwa, shi kuma yana daga cikin masu yi wa furanni barbara. A ganina wannan ɗan yanka haraji ne mai sauƙi, kada ki fesa masa komai.

Sauran hujin kuwa sai kin zama mai bin sawu. Tsutsa takan bar huji marar tsari, ta kuma bar kashinta, baƙaƙe ko korayen ƙwayoyi, a kan ganyen da ke ƙasa da inda take ci. Idan kin ga ganye biyu an manne su da yana, ko an naɗe ɗaya kamar tabarma, ki buɗe, tana ciki. Fara takan fara daga gefe ta bar shi a yage. Dodon koɗi yana barin wata siririyar hanya mai ƙyalli da ta bushe. Wasu ƙwari masu taurin baya sukan cinye naman ganyen su bar jijiyoyin kamar raga, ko su shiga tsakiyar furen su ci. Zanen nan fari mai lanƙwasa a cikin ganye, kamar an yi rubutu, wata ƙaramar tsutsa ce da ke tafiya tsakanin fatar ganyen ta sama da ta ƙasa, kuma maganinta a tsinke ganyen kawai. Tunda da rana ba kya ganin kowa, ki fita da tocila kamar awa biyu bayan faɗuwar rana, domin yawancin masu tauna da dare suke fitowa. A ƙaramin lambu tsincewa da hannu a jefa cikin bokitin ruwan sabulu ya fi kowane feshi aiki.

Idan tsutsar ta fi ƙarfin tsinta, akwai magani mai suna Bt, wanda aka samo daga wata ƙwayar halitta da ke cikin ƙasa mai suna Bacillus thuringiensis. An fara gano ta a Japan a 1901 a jikin tsutsar siliki, aka kuma sake gano ta a Jamus a 1911. Nau'in da ake sayarwa don tsutsa ba ya cutar da mutum ko tsuntsu ko ƙudan zuma. Sai tsutsar ta ci ganyen da aka fesa yake aiki, yakan lalata mata ciki ta daina cin abinci cikin sa'o'i, ta mutu bayan kwana biyu ko uku. Ya fi kama ƙanana, kuma rana tana kashe ƙarfinsa, don haka da yamma ake fesa shi. Amma ki sani cewa bai san tsutsar ɓarna da tsutsar malam-buɗe-littafi ba, saboda haka ki fesa shukar da ake ci kaɗai.

Tambaya: Malam, wani farin abu kamar auduga ya manne a gaɓoɓin furen hibiskas ɗina da ƙarƙashin ganye. Na ɗauka fumfuna ce na fesa maganin fumfuna, bai yi komai ba. Daga wata sabuwar shuka da na kawo abin ya fara, yanzu ya kama na kusa da ita.

Amsa: Malam, ka murje ɗaya da tsinke. Idan ka ga ruwa mai launin rawaya ko ja-ja ya fito, to ƙwaro ne mai rai, ba fumfuna ba. Ɗan'uwan ƙwarin darɓa ne, tsotsa yake yi, yana kuma fitar da danƙo irin nasu, sai dai shi ya lulluɓe jikinsa da wani farin kaki mai kama da gari wanda ruwa ba ya jiƙawa. Wannan kaki ne ke sa feshi ya zame ya wuce. Dunƙulen da ya fi kama da auduga kuwa jakar ƙwai ce, kuma guda ɗaya tana iya ƙunsar ɗaruruwa.

Idan kaɗan ne, ka jiƙa auduga da ruwan sifirit irin na goge rauni mai ƙarfin kashi 70 cikin 100, ka bi su ɗaya bayan ɗaya kana dangwalawa, domin sifirit yana narkar da kakin ya kashe ƙwaron nan take. Reshen da ya cika ka sare shi ka ƙulle a leda, kada ka jefa shi a gindin wata shukar. Daga nan ka fesa ruwan sabulu haɗe da man dogon yaro kowane mako har sau huɗu, kana cusa feshin cikin gaɓoɓi da lungunan da suke ɓuya. Dalilin maimaitawar shi ne 'ya'yan da suka ƙyanƙyashe ba su da kaki tukuna, kuma a wannan ɗan lokaci ne magani ke kama su. Ka duba bakin tukunyar da ƙarƙashinta, idan kuma shukar ta ci gaba da ramewa ka zaro ta ka duba saiwar, domin akwai nau'in da ke zama a cikin ƙasa. Haka ake yi wa ɗan'uwansa mai ɓawo, wanda ke manne wa reshe kamar ƙurji mai ruwan ƙasa, ba ya motsi, amma farce yana ɓamɓare shi. Ka riga ka faɗi inda matsalar ta shigo da bakinka. Nan gaba duk sabuwar shuka ka ajiye ta gefe guda mako biyu zuwa uku, kana duba ta, kafin ka haɗa ta da sauran.

Tambaya: Furannina suna yin ƙulli da yawa amma ba sa buɗewa da kyau. Waɗanda suka buɗe gefensu ya yi ruwan ƙasa kamar wuta ta taɓa, fararen sun fi lalacewa. Ganyen kuma akwai wani zane mai ƙyallin azurfa da baƙaƙen ɗigo.

Amsa: Hajiya, wannan aikin wani siririn ƙwaro ne da tsawonsa bai wuce milimita 1 zuwa 2 ba, mai kama da guntun zare. Ki karkaɗe fure ɗaya a kan farar takarda, ko ki hura masa iska a hankali, za ki ga suna fitowa da gudu. Yana huda fatar ganye ko ta fure ya tsotse abin da ke ciki, wurin ya cika da iska, shi ne ƙyallin da kike gani, baƙaƙen ɗigon kuma kashinsa ne. Ba zan ɓoye miki ba, yana da wuyar sha'ani. Macen tana cusa ƙwanta cikin naman shukar, 'ya'yan suna shigewa can cikin ƙullin furen inda feshi ba ya kaiwa, sannan yawancinsu su sauka ƙasa su rikiɗa kafin su taso da fukafukai. Saboda haka almakashi ne babban makaminki. Ki yanke duk furen da ya lalace da wanda ya tsufa ki ƙulle a leda, ki share busassun ganye daga gindin shukar, ki cire ciyawar da ke kewaye. Ki rataya takarda mai danƙo, shuɗiya ko rawaya, daidai tsayin furannin, domin ta nuna miki ko suna ƙaruwa ko raguwa. Maganin sifinosad yana kama su, amma yana cutar da ƙudan zuma muddin bai bushe ba, don haka sai bayan faɗuwar rana. Idan kuma kin ga zobe-zobe masu launin rawaya ko ruwan ƙasa a ganye, shukar kuma ta tsumbure, to ƙwaron ya sa mata cutar bairas, wadda ba ta da magani. Irin wannan shuka a tuge ta a raba ta da sauran.

Tambaya: Idan na taɓa shukar sai wasu fararen ƙudaje ƙanana su tashi kamar toka, su sake sauka.

Amsa: Malam, farin ƙuda ke nan, ko da yake ba ƙuda ba ne na gaskiya, shi ma dangin masu tsotsa ne. Waɗanda ke tashi ba su ne suka fi ɓarna ba. Ka duba bayan tsofaffin ganye, za ka ga 'ya'yansu a kwance kamar ƙananan ɓawo masu haske, ba sa motsi. Ka cire ganyen da suka fi cika, ka rataya takarda rawaya mai danƙo domin manyan, ka fesa ruwan sabulu a bayan ganye da sassafe lokacin da sanyi bai sake su ba, kowane kwana biyar zuwa bakwai har wata guda.

Tambaya: Malam, na ji ana cewa sabulu da dogon yaro suna maganin ƙwari. Na jiƙa garin wanki da yawa na fesa da tsakar rana domin ya bushe da wuri, washegari ganyen duk suka ƙone. Yaya ake haɗawa? Kuma wani ya ce in jiƙa taba in fesa.

Amsa: Malama, garin neman gira an rasa ido. Kurakurai uku ne suka haɗu: irin sabulun, da yawansa, da lokacin. Garin wanki an yi shi ne don ya cire maiƙo, ganye kuwa yana da wani siririn kaki a fatarsa da ke hana shi bushewa, garin ya wanke wannan kakin, rana ta ƙarasa sauran. Abin da ake so shi ne sabulun ruwa mai sauƙi, wanda ba a sa masa bilic ko turare mai yawa ba, mafi kyau kuma wanda aka yi musamman don feshin shuka. Awonsa mililita 10 a cikin lita ɗaya ta ruwa, wato ƙaramin cokali biyu, kuma kada a taɓa wuce mililita 20. Sabulu yana kashe ƙwaro mai laushin jiki ne kawai idan ya jiƙa shi, da zarar ya bushe aikinsa ya ƙare. Don haka neman ya bushe da wuri kuskure ne, kuma fesa saman ganye alhali ƙwarin suna ƙasa asarar ruwa ce.

Dogon yaro, wanda wasu ke kira darbejiya ko maina, aikinsa daban ne. Ƙwayar 'ya'yansa tana ɗauke da wani sinadari mai suna azadiraktin, wanda masana suka fara warewa a 1968. Ba ya kashe ƙwaro nan take. Yakan sa shi ya ƙi cin ganyen, ya kuma hana ƙaramin ƙwaro saɓar fatarsa ya girma, saboda haka sai bayan kwanaki ake ganin sakamako, kuma masu gaggawa da yawa sukan yanke masa hukunci tun bai fara aiki ba. Idan mai ne, a zuba mililita 5 a lita ɗaya ta ruwa mai ɗumi tare da ɗan sabulu kamar mililita 2 domin ya haɗu da ruwan, a riƙa girgizawa ana fesawa. Idan ƙwayar ce, a daka giram 50, a jiƙa a lita ɗaya ta kwana, a tace da tsumma mai laushi, a sa ɗan sabulu. Kowanne a yi amfani da shi a ranar, domin ba ya ajiyuwa, a kuma maimaita bayan mako guda saboda rana tana kashe shi.

Ko sabulu ne ko mai, ki fara gwadawa a ganye uku ko huɗu ki jira kwana biyu, domin akwai furannin da ba sa jurewa. Ki shayar da shukar kafin feshi, ki fesa da sassafe ko da yamma, kuma idan zafi ya haura digiri 32 a ma'aunin Salshiyas ki bari sai ya sauka. Shukar da ta ƙone kuwa ki wanke ta da ruwa, ki sa ta a inuwa, kada ki ba ta taki sai ta fara sabon toho.

Batun taba ban goyi baya ba ko kaɗan. Sinadarin nikotin guba ne mai ƙarfi da ke shiga jikin mutum ta fata, ba ki da hanyar sanin yawan wanda ke cikin ruwan da kika jiƙa, yana kashe ƙwari masu amfani, kuma ganyen taba yana iya ɗauke da wata cutar bairas da ke kama furanni da dama.

Tambaya: Ƙananan furannin da na dasa, da safe sai in tarar an datse su daga gindi sun kwanta.

Amsa: Malam, ka tona ƙasa da yatsa a kewayen wadda aka datse, zurfin santimita 2 zuwa 5. Za ka sami wata tsutsa mai launin toka da ke naɗewa idan an taɓa ta. Da rana take ɓuya, da dare ta fito. Ka yanke gindin robar ruwa ko kofin takarda ka kewaye kowace shuka da shi, santimita 3 a cikin ƙasa, kamar 7 a sama, har karan ya yi ƙwari. Idan kuwa shukar a tsaye take yin yaushi alhali ƙasa na da laima, ka duba saiwa, domin gwazarma ko gara ko ruɓewa saboda yawan ruwa duk suna kawo haka.

Tambaya: Malam, an ba ni shawarar wani magani da ake zubawa a gindin shuka, ta shanye, duk ƙwaron da ya ci ya mutu har tsawon watanni. Ina ganin ya fi wannan wahalar ta feshi kowane mako. Mene ne ra'ayinka?

Amsa: Alhaji, maganin yana aiki, ba zan musa ba, amma a kan shuka mai fure ba na ba da shawararsa. Irin su imidakulofirid suna bin ruwan shuka su shiga ko'ina a jikinta, har cikin garin fure da ruwan zaƙin da ƙudan zuma ke ɗiba. Saboda wannan haɗari ne Tarayyar Turai ta hana amfani da shi da wasu 'yan'uwansa biyu a fili tun 2018. Ba ya kuma kashe gizo-gizon ganye, har an lura sukan ƙaru bayan an zuba shi.

Kafin ka sayi komai ka duba ko akwai masu yi maka aikin kyauta. Ƙwaron nan ja mai baƙaƙen ɗigo, mai kama da rabin ƙwallo, yana iya cin ƙwarin darɓa kusan 50 a rana. Ɗansa ba ya kama da shi ko kaɗan, baƙi ne dogo mai ɗigon ruwan lemo, kamar ƙaramin kada, kuma mutane da yawa suna kashe shi bisa zaton maɓarnaci ne. Idan ka ga wasu ƙwarin darɓa sun kumbura sun bushe sun koma launin ƙasa, wani ɗan ƙaramin zanzaro ne ya sa ƙwai a cikinsu, kada ka cire su, domin daga cikinsu wasu za su fito. Inda ka ga waɗannan alamu ka ba su mako guda kana wankewa da ruwa kawai.

Idan ta kama dole sai maganin kanti, ka zaɓi wanda aka rubuta sunan ƙwaron naka a jikinsa, ka auna yadda aka ce ba tare da ƙari ba, ka cire furannin da suka buɗe kafin feshi, ka fesa shukar da ta kamu kaɗai bayan faɗuwar rana lokacin da babu iska. Ka sa safar hannu da takunkumi da riga mai dogon hannu, ka hana yara da dabbobi zuwa wurin har ya bushe, ragowar kuma ta zauna a kwalbarta ta asali a wurin da ake kullewa. Maganin sauro na gwangwani da ake fesawa a ɗaki ba na shuka ba ne, man da ke cikinsa yana ƙona ganye da fure.